Birkin da Mai Shi Kaɗai Ya San Halinsa

A wani ƙauye da ke zaune bisa tsauni akwai wani mutum manomi. Yana da gonar citta da ta acca, yana da mata mai suna Dinatu, yana kuma da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ake kira Filibus. Gidan da ubansu ya bari a nan suke zaune su biyu da iyalansu, ƙofar shiga ɗaya, rijiya ɗaya. Amma shekara da shekaru ba sa magana da juna.

In kun tambaye ni abin da ya haɗa su, ni kaina sai na ji kunya kafin in faɗa. Itacen ɗorawa ne, wanda ke tsaye a iyakar gonakinsu. A al'adar mutanen tsaunin nan, babban ɗa shi ke fara sa ƙugiya a ɗorawar gado, ba mai tsinkar ko ɗaya sai ya buɗe. Wata shekara mutumin ya tafi gaisuwar mutuwa a garin surukansa ya daɗe, ɗorawa ta bushe a sama, birai suka sa ta a gaba. Filibus ya ga za a yi asara, ya hau ya kaɗe ta, ya raba biyu, ya kai rabon wansa ƙofar ɗakinsa ya lulluɓe da tabarma. Da mutumin ya dawo ya ga tulin, sai ya ce an ci gadonsa yana da rai. Bai taɓa rabon ba, ya bar shi a nan har awaki suka cinye.

Tun daga ranar bai ƙara kiran sunan ƙanensa ba. In yana da magana, sai ya juya wajen Dinatu ya ce ta gaya wa wancan akuyarsa ta shiga rumbu, alhali wancan ɗin yana tsaye a tsakar gida yana ji da kunnensa. Dinatu ta gaya wa Keziya, matar Filibus, Keziya ta gaya wa mijinta, amsa kuma ta biyo hanyar da ta zo. Da fari Filibus yakan gaishe shi da safe, "Yaya, ina kwana," mutumin ya yi kamar da bango ake. Da abin ya ishe shi, shi ma ya kama bakinsa. Haka aka saba a gidan, har yara suka tashi suna tsammani haka 'yan'uwa suke zama a ko'ina.

Kada ku ɗauka mutumin nan ba ya zuwa sujada. Ina! Shi ke fara isa, a gaba yake zama, muryarsa ta fi ta kowa in an ɗauki waƙa. In an tashi ana gaisawa a bakin ƙofa, ya hango Filibus na matsowa, nan take igiyar takalminsa take kwancewa, ya sunkuya yana ɗauri har a wuce. Dattawan ekklisiya sun zaunar da shi ba sau ɗaya ba. Amsarsa kullum ɗaya ce: shi ba shi da komai da kowa, zuciyarsa fara ce tas.

Wata shekara citta ta yi kyau ta kuma yi daraja. Mutumin ya tafi birni ya sayo keke na gwanjo, irin wanda aka ƙera domin hawan duwatsu, mai kaurin taya. Birkinsa ba irin wanda muka sani ba ne mai waya. Wani siririn tiyo ne cike da mai, ya taso daga hannun birki ya gangara zuwa tsakiyar taya, inda wani ɗan muƙamuƙi yake cizon faifan ƙarfe. In ka matsa hannun da yatsa ɗaya, man ya tura, muƙamuƙin ya cije, keke ya tsaya cak ko da a gangare ne.

Mai sayarwa ya san babu mai gyaran irin wannan birki a ƙauye, don haka ya haɗa masa da ƙaramar kwalbar mai, da guntun tiyo, da 'yar sifana. Ya ce masa maƙiyin birkin nan iska ce. In ta sami hanya ta shiga cikin man, hannun birki zai yi laushi, ka matsa ya nutse bai kama komai ba, gama mai ba ya matsuwa amma iska tana matsuwa. Ya gargaɗe shi kada ya riƙa kifa keken ƙafafu sama, domin 'yar iskar da ke kwance a saman ma'ajin man da ke jikin hannun birki takan gangara cikin tiyo. Ya nuna masa yadda ake fitar da ita in ta shiga, sannan ya ce, "Aikin mutum biyu ne, Maigida. Ɗaya a sama wajen hannu, ɗaya a ƙasa wajen taya, kuma dole na sama ya bi maganar na ƙasa."

Mutumin ya ce ya ji. Hankalinsa yana kan yadda za a kalle shi in ya shiga gari.

An kuwa kalle shi. Daga ƙauyen zuwa kasuwar da ke kwari hanya ɗaya ce, gangara mai tsawo wadda ta fara daga gindin wani ɓaure a bayan gari, ta yi ta karkacewa har ta kai wata muguwar kwana a saman rafi. Masu keke mai waya saukowa suke yi su tura a wurin. Shi kuwa sai ya wuce su zaune daram, yatsa ɗaya a kan birki, yana gaishe su da ka. A dandali ya cika mutane da labarin kekensa, ya ce babu irinsa a duk tsaunin. Wanda ya zo aro ya koma da haƙuri.

Da ya ga 'ya'yan Filibus suna zagaya keken suna shafa taya, sai ransa ya ɓaci. Ya shigar da shi ɗaki, ya kifa shi, ya rataye a jikin azara ƙafafu sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ya tuna gargaɗin mai sayarwa sarai, amma ya ga gara haka da a ce jinin wancan ya taɓa masa kaya. Kullum ya dawo, can yake rataye shi.

Ba a daɗe ba hannun birkin baya ya fara laushi, kamar ana matsa nunanniyar gwanda. Daga baya na gaba ma ya bi sahu. Wata rana yana cikin gangara ya matsa, hannun ya nutse har ya taɓa ƙarfen kan keke, keke bai ko rage gudu ba. Cikin tsoro ya yi ta matsa-saki, matsa-saki, sai ya ji hannun ya ɗan yi tauri, birki ya kama. Ya isa kwari lafiya, bai gaya wa kowa ba.

Da ya koma gida ya buɗe murfin ma'ajin man ya ƙara mai har ya tumbatsa. Ya rufe, ya matsa, laushi na nan. Washegari ya sake ƙarawa, ya zube a ƙasa a banza. Iskar tana can ƙasa cikin tiyo, man da ake zubawa a sama bai dame ta ba.

Ya gwada fitar da ita shi kaɗai, hannu ɗaya a sama, ɗaya yana miƙawa ƙasa, bai kai ba. Sai ya rufe ƙofa ya kira Dinatu, ya ce ta riƙe hannun birki. Shi kansa bai riƙe bayanin mai sayarwa da kyau ba, ya kwance notin da bai kamata ba, ya yi ta daka mata tsawa, ita kuma ta rikice ta saki hannun tun ƙofar man da ke ƙasa wajen taya tana buɗe. Maimakon iska ta fita, sai wata ta ƙaru. Ya ɗora mata laifin duka.

Dinatu ta goge man da ke hannunta, ta ce a hankali, "Maigida, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga Filibus nan a tsakar gida, shi ke da injin niƙa na gari, shi ke kuma gyara shi. Wannan ba zai gagare shi ba."

Ya dube ta ya ce in ta ƙara ambaton sunan nan a ɗakinsa, ta san inda gidan ubanta yake. Ba ta ƙara ba. Maƙwabta kuwa ba shi da bakin roƙonsu, gama ya riga ya gaya musu kekensa ba ya lalacewa, ya kuma hana su aro.

To, me ya yi? Ya koyi zama da abin. Ya gane in ya fara matsa-saki tun daga gindin ɓaure, kafin gangara ta yi tsanani, birkin yakan yi taurin da zai kai shi kwana. Ya gane inda zai sauke ƙafa ya ja ta a ƙasa, da inda zai karkata jiki. Ya ƙware ƙwarai, har ya fara jin daɗin kansa. Mai kallo daga nesa ba zai taɓa cewa akwai abin da ke damun keken ba. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata damina ta shigo, yana hawa yana sauka, ko ƙwarzane bai yi ba. A zuciyarsa ya ce ashe mai sayarwa tsoratarwa kawai ya yi.

Ran nan, ranar kasuwa ce, samari da masu babur duk sun gangara kwari tun da sassafe. Mutumin ya tsaya ya ɗan yi ciran ciyawa a gonar citta da ke bayan gida kafin ya bi su. Ya sa ƙafa cikin ganyen da aka lulluɓe kunya da shi, kububuwa na kwance a ciki, ta sare shi a idon sawu. Ya yi ƙara ya faɗi. Dinatu ta fito tana kururuwa.

Wanda ya fara isowa Filibus ne, hannuwansa duk baƙin man inji. Bai tsaya tambayar kowa ba. Ya goya wansa a baya ya kawo shi tsakar gida, ya kwantar da shi a inuwa. Maganin dafi yana asibitin kwari, malamin asibitin yana da babur, in an sanar da shi zai hauro da allura. Filibus ya faɗa ɗakin da bai taka ba shekara da shekaru, ya sauko da keken daga azara, ya turo shi waje.

Mutumin yana kwance yana kallo, hankalinsa ɗaya. Ya ga ƙanensa ya ɗora ƙafa a kan feda. Ya san abin da ke cikin tiyon nan, ya san gangara, ya san kwanar da ke saman rafi. Filibus yana bakin ƙofa, ko raɗa aka yi zai ji. Mutumin ya buɗe baki, sai bakin ya bi hanyar da ya saba. Ya juya wajen matarsa ya ce, "Gaya masa ya fara matsa birkin tun daga ɓaure."

Dinatu tana durƙushe tana kuka, ta riƙe ƙafar da ke kumbura, ba ta ji sosai ba. Ta ce me ya ce? Ya maimaita. Ta miƙe ta ruga waje, zani na harɗe ta. Kafin ta fita ƙofa Filibus ya wuce majami'a, ya duƙa a kan keke yana tuƙi da iyakar ƙarfinsa. Ta ƙwala masa kira har muryarta ta dushe, bai waiwayo ba.

Kada wani ya ce mini dafi ne ya riƙe harshen mutumin nan. Harshen da ya iya cewa "gaya masa" zai iya cewa "Filibus". Duk lokacin da na kai wurin nan a labarin, raina yakan ɓaci, gama ba wani babban abu aka nema a gare shi ba, sunan ɗan uwarsa ne kawai.

Aka yi ta jira, ba malamin asibiti, ba Filibus. Ƙafa ta kumbura har gwiwa. Tsofaffin da suka rage a gari da mata suka cire ƙyauren ɗaki, suka ɗora mutumin a kai, suka kama hanyar kwari suna karɓa-karɓa. Da suka kai kwanar da ke saman rafi, sai ga keken maƙale a cikin wani kurmi a gefen hanya, kansa ya ɗan karkace, ban da wannan ba abin da ya same shi. Suka leƙa ƙasa. Filibus yana kwance rigingine a kan duwatsun rafi, idonsa biyu, hannuwansa suna motsi, ƙafafunsa ba sa yi.

Suka ajiye ƙyauren za su sauka wurinsa. Filibus ya ɗaga murya iyakar yadda zai iya, ya ce, "Ku wuce da Yaya tukuna. Dafi ba ya jira." Mutumin yana bisa ƙyaure ya ji da kunnensa, ya juyar da fuska wajen dutse.

A asibiti aka yi wa mutumin allura, kumburi ya saɓe, bayan 'yan kwanaki ya koma gida da ƙafafunsa. Filibus kuwa ƙashin bayansa ne ya karye. Aka wuce da shi babban asibiti a birni, ya yi watanni, Keziya ta sayar da awakinsu da injin niƙa. Ƙarshenta aka dawo da shi a bayan mota aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar tsakar gida. Likita ya ce ba zai ƙara takawa ba.

Mutanen gari suka zo jaje suna cewa tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Waɗansu suka ce Filibus ne bai saba da keken ba, ya yi gaggawa. Mutumin yana zaune yana ji, yana gyaɗa kai, bai gyara musu ba. A majami'a aka ce ya tashi ya ba da shaidar yadda Ubangiji ya cece shi daga bakin maciji. Ya miƙe, ya buɗe baki, muryar nan da ta fi ta kowa ta ƙi fita, ya koma ya zauna. Jama'a suka ɗauka godiya ce ta cika masa zuciya. A tsammaninsa Dinatu kaɗai ta san gaskiya. Tana dafa masa abinci, tana wanke masa tufafi, amma ta daina duban fuskarsa.

Keken ya zama masa abin ƙyama, ko ganinsa ba ya so. Ya yi shawara a ransa ya kai shi kasuwa ya sayar, ya rabu da shi. Wata safiya ya turo shi a hankali zai fita, yana bin jikin bango don kada ya bi ta gaban tabarma.

"Yaya."

Ya tsaya kamar an kafa shi. Filibus ya tambaye shi ina zai kai keken, ya ce kasuwa. Filibus ya ce, "Za ka gaya wa mai saye?"

Filibus ya ce ranar da ya matsa hannun nan ya ji ya nutse har ƙarfe, tun kafin ya bar hanya ya gane ba lalacewar rana ɗaya ba ce, gama shi mai taɓa inji ne. Ya ce duk watannin da ya yi a kwance yana jira ya ji daga bakin wansa. Sannan ya ce, "Kawo shi nan. In ka sayar da shi haka, ɗan wani zai hau."

Mutumin ya jingina keken kusa da tabarma, ya ɗauko kwalbar mai da guntun tiyo da sifana. Filibus ya ja jikinsa da gwiwar hannu har ya kai ga tayar baya. Wurin na ƙasa ya dace da shi yanzu, tun da ba ya iya tsayuwa. Ya soka guntun tiyo a bakin ƙofar man, ya sa ɗaya bakin cikin kwalbar da ba kowa a ciki. Mutumin ya tsaya a sama, ya buɗe ma'aji ya cika shi, ya kama hannun birki.

Filibus ya ce, "Matsa." Ya matsa. Ya ce, "Riƙe." Ya riƙe, Filibus ya ɗan kwance noti, mai ya biyo tiyo, ya ɗaure. Ya ce, "Saki." Ya saki. Haka suka yi ta yi, ƙane yana faɗa, wa yana bi, yana ƙara mai a sama in ya ragu. Can sai ga iskar ta fara fitowa cikin man, ƙananan ƙwayoyi kamar tsabar acca, ɗaya na bin ɗaya, suna hawa cikin tiyo suna fashewa. Mutumin ya zuba musu ido. Ya yi tsammanin zai ga wani abu mai girma, daidai da abin da ya faru, amma duka in an tara ba za su cika cokali ba.

Suka gama na baya suka koma na gaba. Kafin tuwon da Keziya ta ɗora ya nuna, aiki ya ƙare. Mutumin ya matsa hannun birki, ya ji shi da tauri kamar ranar da ya sayo shi. Sai ya durƙusa a bakin tabarma yana kuka kamar yaro, ya kira sunan ƙanensa, ya faɗi duk abin da ya ɓoye, ya roƙi gafara.

Filibus ya bar shi ya gama. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Na yafe maka, Yaya, tun ina asibiti. Amma ka duba ƙafafun nan da kyau. Yafewa ba za ta tashe su ba."

Daga wannan shekara mutumin ya riƙa noman gona biyu, nasa da na ƙanensa, har ƙarfinsa ya ƙare. Filibus ya rayu ya tsufa a kan tabarma.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa, ga wanda yake so ya ji.

Birki shi ne abin da Allah ya sa a cikin mutum domin ya tsayar da shi, wato lamiri. Iskar da ta shiga cikin man ita ce ƙullatar da ka riƙe, ko wani zunubi da ka ɓoye ka ce ai ƙarami ne. Gaskiyarka, ƙarami ne. Ba ya bukatar girma. Ya dai sami wuri tsakanin hannunka da taya, yadda ranar da za ka matsa da gaske, matsawar za ta ƙare a kansa ba ta kai inda ake bukata ba.

Da yawa a cikinmu mun ji laushin nan tun tuni, kuma mun san abin da muka yi: mun ƙara mai a sama. Mun ƙara baiko, mun shiga ƙungiyar mawaƙa, ba a taron addu'a da ba a ganinmu. Waɗannan duka abubuwa ne masu kyau, kamar yadda man birki yake da kyau, amma zuba su a kan ƙullata ba ya fitar da ita. Ranar Lahadi kuma mukan yi matsa-saki, wa'azi ya taɓa mu, zuciya ta ɗan yi tauri, mu ce mun warke. Kafin Laraba ta koma yadda take. Dole a buɗe ƙofar ƙasa, abin da ke ciki ya fita ta baki, a gaban Ubangiji da kuma a gaban wanda ka yi wa laifi. Ba ka iya yinsa kai kaɗai a ɗaki da ƙofa a rufe. Sau da yawa kuma wanda Allah ya ajiye maka a ƙasa riƙe da sifana shi ne wanda ba ka so ka ji umarni daga bakinsa: ƙanenka, ko matarka, ko wanda ka daɗe kana raina. Girman kai rawanin tsiya ne, masu iya magana ba su yi ƙarya ba.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro a misalin nan shi ne mutumin bai taɓa faɗuwa ba. Da ya faɗi tun farko ya kakkarye, da alheri ne a gare shi. Sai ya ƙware. Akwai masu irin wannan ƙwarewa a cikinmu, sun san daidai inda fushinsu yake tashi, sun san ranar da za su sha da inda ba za a gan su ba, sun san ƙaryar da za ta rufe wadda ta gabata. Shekaru suna wucewa ba abin da ya same su, har su fara cewa Allah bai damu ba. Ɗan'uwa, kai ka san halin birkinka. Matarka ba ta sani ba, 'ya'yanka ba su sani ba, su kuwa za su hau abin da ka bari kamar yadda ka bar shi.

Ku lura kuma da wanda ya hau keken ran nan. Waɗanda mutumin ya hana aro suna kasuwa suna cinikinsu, ba abin da ya same su. Maƙiyinka ba zai ruga neman maka magani ba, saboda haka ba shi ne zai faɗa rafi ba. Wanda zai faɗa shi ne wanda ya ji kukanka ya manta da duk abin da ka yi masa.

Allah mai gafara ne, wannan ba na shakka, kuma ba zan fasa faɗarsa ba muddin ina numfashi. Ya gafarta wa manomin nan, ƙanensa ma ya gafarta masa. Amma kada kowa ya fita daga nan yana cewa tun da akwai gafara sai a jinkirta. Gafarar da ta zo kafin gangara da wadda ta zo bayanta duka gafara ce, sai dai ta biyu takan tarar da wani a kan tabarma.

Na sani akwai wanda yake jin wannan yanzu, yana da ɗan'uwa da yake aika masa magana ta bakin mace, ko ta bakin yaro, ko ta bakin fasto. Kada ka zo wurina bayan an tashi ka ce in gaya masa, ba zan kai ba. Yana nan da ƙafafunsa biyu a yau. Ka tashi ka je, ka kira shi da sunansa.